Sauya Altaneta da Mai Amfiya Daban: Tambayoyin da Masu Mota Ke Yawan Yi a Abuja

Duk wanda altanetar motarsa, wato na'urar da ke cajin batir da ba mota wuta idan inji na aiki, ta mutu ya shiga Apo ko Gudu ko Zuba neman wata, da wuya ya fito bai ji wannan magana ba: "Oga, irin taka babu, amma ga wata da ta fi ta ƙarfi, za ta hau." Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma daga nan ake fara zaryar gareji. Tambayoyin nan su ne suka fi maimaituwa a bakin direbobin haya da ma'aikatan da ke shigowa gari kullum daga Kubwa, Gwagwalada ko Mararaba. An sa musu lamba domin amsoshin suna jingina da juna.

1. Mece ce wannan lamba ta amfiya da ke jikin altaneta?

Lambar da kake gani, kamar 80A ko 100A ko 120A, iyakar wutar da altanetar za ta iya bayarwa ce idan an matsa mata. Ba ita ce wutar da take bayarwa kullum ba. Idan motarka tana buƙatar amfiya 35 a wannan lokaci, 35 za ta bayar, ko da an rubuta 150 a jikinta.

Akwai lamba ta biyu da mutane ke haɗawa da wannan, wato bolt, mai alamar V. Ita ce ƙarfin turin wutar, kuma a ƙananan motoci kusan iri ɗaya ce ko'ina: tsakanin 13.5V da 14.7V idan inji na aiki. Wani ɗan ƙarfe a cikin altanetar, wanda masu gyaran wuta ke kira ai-si, shi ke riƙe ta a wannan iyaka. Bolt ne ke ƙona kaya idan ya wuce gona da iri, ba yawan amfiyar da aka rubuta ba.

2. Idan na sa wadda ta fi tawa amfiya, za ta ƙona mini batir ko ƙwaƙwalwar mota (kwamfutar da ke sarrafa inji)?

A'a, muddin ai-sinta lafiya yake kuma ta dace da motar. Ka tuna mutumin da ya sauya ƙaramin janareton gidansa da babba: kwan fitilar ɗakinsa bai fashe ba, wutar da yake ci a da ita yake ci yanzu, sai dai gidan ya samu sararin ɗaukar firji da dutsen guga. Haka fitilun motarka, rediyo da ƙwaƙwalwa, kowanne abin da yake buƙata kawai yake ja.

Ƙarin amfiya 10 zuwa 30 a kan ta asali ba abin damuwa ba ne a yawancin motoci. Kamfanoni da kansu suna ɗaura altaneta daban-daban a mota iri ɗaya. Golf 3, alal misali, ta zo da mai 70A, da mai 90A, da mai 120A, gwargwadon inji da kayan da ke cikinta. Inda ake taka-tsantsan shi ne tsalle mai nisa, kamar daga 80 zuwa 150. A nan ba kayan motar ake ji wa tsoro ba, babbar waya da fiyus ake ji wa, kuma bayaninsu yana tambaya ta 7.

3. To ƙarama fa? An ba ni mai 70A da sauƙin kuɗi, tawa kuma 100A ce.

Kada ka karɓa. Wannan ne sauyin da ya fi cutar da mutane, domin ranar farko komai lafiya yake. Mota ta tashi, fitilar batir ta mutu a dashbod, mitar auna wuta ta nuna 14V, kowa ya yi sallama. Sai an kwana biyu, dare ya yi, ruwa na zuba, an kunna esi da waifa da fitilu, sannan buƙata ta haura abin da altanetar ke iya bayarwa, batir ya shiga cike giɓin. Batirin da ake zuƙa kullum ba a cika shi ba ba ya daɗewa. Ita ma altanetar da ke aiki a ƙarshen ƙarfinta koyaushe zafi take yi, zafin kuwa shi ke kashe diyod ɗinta, wato ƙananan kayan da ke sa wuta ta bi hanya ɗaya, ya ƙona koyil, wato wayar da aka naɗa a cikinta. Rarar da ka samu yau, a kan sabon batir da wata altanetar za ta ƙare.

Idan tafiya ta kama ka a hanyar Lokoja ko Kaduna kuma ita kaɗai ce a garin, sa ta ka isa gida, ka kashe esi, ka rage abin da za ka iya ragewa. Amma ka ɗauke ta a matsayin aro.

4. Yaya zan san amfiyar da motata ta zo da ita tun asali?

Fara da takardar da ke manne a jikin tsohuwar altanetar. Denso, Bosch, Valeo, Mitsubishi da Hitachi duk suna rubuta lambar kaya, wasu kuma har da amfiyar ƙarara. Ɗauki hotonta kafin a fita da ita daga gareji. A motocin Peugeot za ka iya ganin CL12 ko CL15, ma'ana ajin 120A da ajin 150A.

Sai dai motar da ta yi shekaru a hannun mutane, mai yiwuwa wadda ke jikinta ma ba ta asali ba ce. Saboda haka lambar shasi ta fi aminci: da ita mai sayar da kaya da ya san aikinsa zai fito da lambar altanetar da kamfani ya ɗaura. Don a samu ma'auni, Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1.8 yawanci 80A take zuwa da ita, Camry ta 2007 mai injin 2.4 kuma 100A. Manyan jif-jif da motocin iyali masu esi gaba da baya sukan kai 130A zuwa 150A.

5. Altanetata babba ce, amma a cunkoson Nyanya fitilu na dusashewa, fankar esi na rage gudu. Me ya sa?

Wannan tambaya ita ce ta fi muhimmanci ga mai mota a Abuja, kuma ita ce aka fi tsallakewa wajen saye. Lambar da ke jikin altaneta ana auna ta ne tana juyawa sau 6,000 a minti. Fulin inji, wato faifan da bel ke bi a kai, ya fi nata girma kusan ninki biyu da rabi zuwa uku, don haka idan inji na silo (yana aiki ba a taka totur ba) a kan juyi 700, ita tana wajen 1,800 zuwa 2,100 ne kawai. A wannan gudu ba ta bayar da abin da aka rubuta. Bosch ma kan faɗi gaskiyar a fili: za ka ga an rubuta 14V 70-120A, wato 70 a ƙaramin gudu, 120 a babba. Ga kuma zafi. Altanetar da ta gasu a ƙarƙashin bonet cikin watan Maris ba ta kai abin da take bayarwa da sanyin safiya.

Yanzu duba yadda ake tuƙi a garin nan. Mutum ya tashi aiki, daga AYA zuwa Mararaba ƙafarsa na kan birki, inji na silo, esi a kunne, fankokin lagireto na ta aiki saboda babu iskar da ke shiga ta gaba. Lokacin da motar ta fi buƙatar wuta shi ne lokacin da altanetar ta fi rauni. Wanda ke gudu a hanyar filin jirgi da rana ba zai taɓa ganin wannan matsala ba.

Shi ya sa babbar lamba kaɗai ba ta isa hujja ba. Akwai altanetocin da aka sake naɗa musu koyil don su ba da lamba mai tsoratarwa a babban gudu, alhali a silo ta asali ta fi su. A ganina, altaneta mai 100A ko 120A ta kamfani, wadda aka ciro daga irin motarka mai cikakkun kaya, ta fi wata mai 180A da ba a san wanda ya ƙera ta ba. Kafin ka ɗora wa girmanta laifi, a duba ko bel na zamewa da kuma girman fuli (tambaya ta 9), a kuma auna ta a silo yadda aka bayyana a tambaya ta 13.

6. Ta yaya zan gane ko da gaske ina buƙatar ƙari?

Lissafin mai sauƙi ne: raba wat da 14, ka samu amfiya. Kwan fitilar gaba na asali 55W ne, biyu 110W, kusan amfiya 8. Idan an sauya su da masu 100W, an koma sama da 14. Fankar da ke hura esi a ƙarshen gudunta takan ci 15 zuwa 20, fankokin lagireto ma kusan haka. Famfon mai, koyil ɗin fulogi da ƙwaƙwalwa a haɗe 10 zuwa 15. Waifa, maganaɗisun kwamfiresa, ƙananan fitilu da rediyo, kowanne 'yan amfiya kaɗan. A tara su a daren damina, ƙaramar mota ta kai 60 zuwa 80. Kamfani ya riga ya yi wannan lissafi, don haka motar da ba a ƙara mata komai ba, ta asali ta ishe ta.

Masu buƙatar ƙari su ne waɗanda suka ɗora abin da kamfani bai sani ba: amfilifaya da manyan sifiku, doguwar fitilar kan rufi, firjin mota, inbata. Inbatar da ke ba da 1,000W tana jan sama da amfiya 80 ita kaɗai. Cajar waya da kyamarar gaba ba su kai a yi magana ba. Wanda ya koma kwan LED ma rage wa altaneta nauyi ya yi.

7. Sai na sauya waya da fiyus idan na ƙara amfiya?

Ya danganta da nisan tsallen. Wuta na fita daga bayan altaneta ta babbar waya guda, ta bi ta babban fiyus, sannan ta isa batir. A motocin Toyota da yawa an rubuta ALT a kan wannan fiyus, da lamba kamar 100A ko 120A. An zaɓe shi ne daidai da kaurin wayar. A tuƙin yau da kullum babbar altaneta ba za ta cika wayar ba, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 2. Amma ranar da batir ya sauka sosai aka tayar da mota da na aro, batirin zai buɗe baki ya sha duk abin da aka ba shi, ga esi da fitilu a kai. A nan altaneta mai 150A za ta iya tura abin da wayar mai 80A ba a yi ta dominsa ba.

Idan sabuwar ta wuce lambar fiyus ɗin, a ƙara waya mai kauri daga altaneta zuwa batir, ta jan ƙarfe zalla, mai lamba 25mm² ko 35mm² gwargwadon girman, da nata fiyus kusa da batir. A ƙarfafa wayar ƙasa ma, wadda ke haɗa batir da bodi da wadda ke haɗa inji da bodi, domin wutar da ta fita ta nan take komowa.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya hana a yi masa: sa babban fiyus a kan siririyar waya, ko naɗa zaren waya a gurbin wanda ya ƙone. Fiyus wayar yake karewa. Idan an hana shi ƙonewa, wayar ce za ta ƙone.

8. Soket ɗin sabuwar ya bambanta da nawa. Rewaya, mai gyaran wutar mota, ya ce zai yanka ya haɗa. In yarda?

A tsohuwar mota, mai yiwuwa. A sabuwa, kusan a'a. Tsofaffin altanetocin Denso masu ƙafa uku aikinsu a fili yake: S na jin ƙarfin batir, IG na kawo wuta idan an murɗa makulli, L na zuwa fitilar dashbod. Rewayan da ya san kowace ƙafa zai iya sauya soket ba matsala. Amma soket biyu na iya kama da juna a ido alhali ƙafafunsu ba aiki ɗaya suke yi ba, saboda haka haruffan da ke jiki za a bi, ba siffa ba.

Motocin baya-bayan nan ƙwaƙwalwa ce ke ba altaneta umarni. Honda ta daɗe da tsarin da ke sauke caji zuwa wajen 12.5V idan babu nauyi don a rage shan mai, ta ƙafafun C da FR. Ford na da irin nata. Motocin Jamus da na Faransa da sabbin Toyota da yawa suna magana da altaneta ta siririyar waya guda, wadda za ka ga an rubuta mata LIN ko COM. Idan aka sa wadda ba ta jin wannan yare, ko fitilar batir ta ƙi mutuwa, ko caji ya tsaya a wuri ɗaya, ko ya ƙi farawa sai an taka totur. A irin waɗannan motoci dacewar ai-si ta fi yawan amfiya muhimmanci nesa ba kusa ba.

9. Me zan duba a jikinta kafin in biya?

Tafi da tsohuwar ka ajiye su gefe da gefe. Kunnuwan da ake ɗaure ta da su su zo daidai ba tare da an goge ƙarfe ko an cusa wasa ba. Ramukan fuli su yi daidai da na bel ɗinka, idan shida ne shida, kuma fulin ya tsaya a layi ɗaya da sauran, in ba haka ba bel zai riƙa cinyewa ta gefe. Fulin da ya fi naka girman da'ira yana rage mata gudu, ya ƙara matsalar tambaya ta 5. Idan naka irin mai sakin baya ne, wanda ke juyawa gefe ɗaya ya kama a ɗayan, a nemi irinsa, domin na ƙarfe zalla a gurbinsa na sa bel rawa ya gajiyar da tanshina. Babbar altaneta kan fi ƙiba, a tabbata ba ta taɓa tiyon ruwa ko jikin salansa ba. Kuma tunda idan ta ɗauki nauyi ta fi wuyar juyawa, tsohon bel da ya yi santsi zai fara kuka.

10. Babbar altaneta tana ƙara shan mai?

Nauyin da ka ɗora mata ne ke shan mai, ba lambarta ba. Amfiya 100 a kan 14V wat 1,400 ke nan, kuma da yake altaneta na asarar kusan rabin ƙarfin da take karɓa a zafi, inji na biyan abin da ya haura ƙarfin doki uku don ya samar da su. Idan kayan motarka ba su sauya ba, bambancin ba zai bayyana a gidan mai ba.

11. Na sa batir mai 75Ah a gurbin mai 60Ah. Dole in ƙara altaneta?

Ba dole ba. Lambar Ah yawan wutar da batir ke ajiyewa ce, kuma abin da kik ya ɗiba wajen tayar da mota ɗaya ne ko batirin babba ne ko ƙarami. Abin da ke wahalar da altaneta shi ne mataccen batir. An yi ta ne don ta mayar da ɗan abin da aka ɗiba ta kuma ciyar da mota, ba don ta tayar da batirin da ya kwanta ba. Saboda haka ranar da za a ɗaura sabuwa, a kai batirin caji ya cika tukuna, a kuma gwada lafiyarsa. Altanetoci da yawa da ake cewa jabu ne, tsohon batir mai mataccen ɗaki ne ya kashe su.

12. Maganar nan ta shafi bas mai dizal da manyan motoci?

Ta shafe su, da ƙarin sharuɗɗa. Hiace da Hilux masu tsohon injin dizal irin 3L da 5L suna da ɗan famfo a bayan altaneta wanda ke ba birki iskar da ke sa shi laushi, kuma baƙin mai na bi ta cikinsa. Altanetar fetur, komai yawan amfiyarta, ba ta maye gurbin wannan, domin birki zai yi tauri kamar dutse da fasinja a ciki. Tirela, tifa da manyan bas kuma 24V suke amfani da shi, don haka tasu da ta ƙaramar mota ba sa musanya ko da amfiyar ta zo ɗaya. Motoci masu haɗin fetur da batir, irin su Prius da Camry Hybrid, ba su da altaneta kwata-kwata. Wata na'ura ce ke sauko da wuta daga babban batir zuwa ƙaramin.

13. Bayan an ɗaura, wane gwaji za a yi kafin in bar gareji?

Da mita za a yi, kana tsaye. Inji a kashe, cikakken batir 12.6V yake nunawa. An tayar, ya hau tsakanin 13.5V da 14.7V. Sai a bari inji ya yi zafi, a kunna esi a ƙarshe, fitilu masu nisa, da waifa, a bar shi a silo. Idan ya tsaya a 13V ko sama, madalla. Idan yana gangarowa ƙasa da 12.6V, batir ne ke ciyar da mota, kuma haka zai riƙa yi maka kullum a cunkoso. Sama da 15V kuwa a kashe mota nan take, ai-si ya lalace ko an haɗa soket ba daidai ba. A motocin da ƙwaƙwalwa ke sarrafa caji (tambaya ta 8) ƙaramar lamba ba tare da nauyi ba ba laifi ba ce. Kunna fitilu ka ga ta hau.

A kuma sa mita tsakanin bayan altaneta da kan batir mai alamar ƙari, komai a kunne. Idan bambancin ya kai rabin bolt, waya ko mahaɗa na cinye wuta, a koma tambaya ta 7.

Gwajin cire kan batir inji na aiki, wai a ga ko mota za ta mutu, kada ka bari a yi shi a motarka. Batir ne ke shanye tsallen wuta. Da zarar an cire shi altaneta na cikin aiki, ƙarfin na iya haurawa ninki da yawa cikin ƙiftawar ido, ya bugi ƙwaƙwalwa da diyod. Zamanin kafireto an sha da wannan dabara, yanzu ba a sha.

14. Sabuwa, 'yar Beljiyam, ko in gyara tawa?

Sau da yawa abin da ya mutu ƙarami ne: burushin gawayi ya cinye, ko ai-si, ko boris, ko farantin diyod. Idan koyil bai ƙone ba, gyaran ta asali da kaya masu kyau ya fi sayen abin da ba ka san tarihinsa ba, ga shi babu rigimar soket ko fuli. 'Yar Beljiyam ta kamfani zaɓi ne mai kyau idan an gwada ta da nauyi, ba haɗa ta da kwan fitila ɗaya kawai ba, kuma an ba ka kwanakin dawowa a rubuce a rasit. Ka lura da wadda aka fesa wa fenti har kan notuna, da takardar amfiya sabuwa fil a jikin tsohon ƙarfe. A sababbi ma akwai masu ɗauke da lambar da ba su kai ba, shi ya sa gwajin tambaya ta 13 ya fi abin da aka buga a kwali.

Ko wacce ka zaɓa, a nemo abin da ya kashe ta farko. Baƙin mai da ke ɗiga daga murfin inji yana shiga ya jiƙa burushi. Wankin inji da ruwa mai ƙarfi ana fesa mata kai tsaye ma yana taɓa boris da ai-si.

15. Na sa babba, caji lafiya, amma da safe mota ba ta tashi. Ina matsalar?

Altaneta ba ta aiki idan inji a kashe yake, don haka girmanta ba ya hana batir sauka cikin dare. Ko batirin ya daina riƙe wuta, ko wani abu na zuƙarsa mota a kulle: na'urar bin sawun mota da aka haɗa ba daidai ba, amfilifayar da ba ta mutuwa da makulli, rediyo mai allo, fitilar but da ke kwana a kunne. Diyod ɗaya da ya lalace a cikin altanetar ma kan bar wuta ta riƙa komawa baya. Rewaya ya sa mita a layin batir bayan an kulle mota ta yi kamar rabin awa; abin da ya wuce wajen miliamfiya 50 yana neman bincike, sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Idan an zare duka ba ta faɗi ba, a cire kan batir tukuna, a kwance babbar wayar bayan altaneta a naɗe bakinta, a mayar da mita a sake aunawa.